Takardar da Ba Ta Zo Ba

Wannan ne zuwanta na goma sha ɗaya ofishin kamfanin motocin. Har ta san kujerar da iskar fanka ke kaiwa da wadda ba ta kaiwa. Akawun ma ya daina tambayarta abin da ke tafe da ita.

"Mama, kin sake dawowa."

"Ƙafar ce ba ta jin magana, ɗana."

Ya juyo mata da fuskar kwamfuta kamar kullum. Kamfani, in ji shi, ya aika wa duk mai irin wannan mota takarda, cewa a kawo a canza jakar iskar da ke cikin sitiyari, kyauta. Ga sunan mijinta nan a jeri.

"Suna a jeri daban, takarda a hannu daban," ta ce. "Gidanmu ba ta zo ba."

Tela ce, karatunta bai yi nisa ba, amma shekara biyu sun koya mata cike fom. Motar tsohuwa ce, ruwan toka, mai ƙofa huɗu. Gilashin baya sai an taimaka masa da hannu yake ɗagawa. A gaban direba akwai wata 'yar jar fitila da kan kunna kanta, hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa. Maigidan kan yi dariya ya ce ɗan wasan nan ya sake fitowa fili. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da zai tayar mata da hankali kuwa, sai ya gama da shi take ji.

Ranar Talata, sha huɗu ga wata, ya bugi bayan wata motar kaya a mahaɗar hanya. Bugun bai kai ya kawo ba, fitila ɗaya kawai ya fasa. Amma jakar da aka yi don ta kare shi ta fashe da gutsattsarin ƙarfe, ɗaya ya same shi a wuya. Rigunan makaranta arba'in da ke jere a kujerar baya, ko ɗaya ba ta faɗo ba.

Tun da ta fita takaba take yawo. Ta nemo wani direba da tasa jakar ta tashi motar tana tsaye, da wata malamar asibiti da ta kai ƙorafi sau uku kan jar fitilar. Ta tara takardunsu cikin ledar da take ajiye zare. Gobe kwamitin bincike zai zauna. Lauyanta ya ce maganar duka a ƙafa ɗaya take tsaye: ta rantse ba a taɓa sanar da su ba. Wannan bai dame ta ba. Mai gaskiya ba ya tsoron rantsuwa.

Ta iso gida da la'asar, hadari na biye da ita. Ta zauna gaban keken ɗinkinta ba tare da ta taka shi ba.

Nan maigidan ya same ta a safiyar ranar da ya rasu. Tana kan riga ta ƙarshe, shugabar makaranta ta kira sau biyu, keken kuma sai rawa yake saboda ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa ba. Ya fito da makulli a hannu, ya ce zai leƙa wani wuri da motar, ba zai daɗe ba.

"Wurin ba zai gudu ba," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ka fara kai mini kayan nan, don Allah. Mutuncina ne."

Ya ɗan tsaya kamar zai ce wani abu. Sai ya dubi keken, ya laluba aljihu, ya durƙusa yana nishi irin na mai ciwon gwiwa. Da ya miƙe, rawar ta daina.

"Kanikanci kyauta," ya ce, ya kwashi rigunan.

Tun ranar ba ta bari an matsar da keken ba. Ko shara, zagaye shi ake yi. Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya gyara a gidan.

Ruwan ya sauko da ƙarfi. Rufin da ya daɗe yana barazana ya buɗe baki daidai saman keken. Babbar 'yarta, wadda ta zo don ta raka ta gobe, ta shigo da bokiti.

"Mama, ko dai mu ja shi, ko gobe ki tashi da tsatsa."

"Ku bar mini shi."

"Baba da kansa zai ce a ja. Kama can."

Ta gaji da musu. Ta gaji da komai. Ta kama gefe, suka ja.

Abin da ya tokare ƙafar ya rage a ƙasa, ƙunshin takarda ninki takwas, ya yi baƙi da man keke. Ta sunkuya ta ɗauka don kada ya jiƙe. Ta warware shi a hankali, kamar yadda take warware yadi mai tsada.

Tambarin da ke sama ta san shi, sau goma sha ɗaya tana zama a ƙarƙashinsa. Daga ƙasa kuma, da biro, cikin karkataccen rubutun da ta fi sani a duniya, an rubuta: "In kai motar Talata, sha huɗu ga wata, da safe."