Mantuwar Don Evaristo

Wata bakwai Don Evaristo Quiroga ya yi a wani asibitin tsofaffi a birnin Valparaíso yana mantuwa. Mantuwar kuwa ta gwanaye ce. A tambaye shi sunansa, ya kalli bango. A nuna masa hoton matarsa, ya ce wace ce wannan baƙuwar.

Kotu ce ke nemansa. A zamanin soja aikinsa tace waƙoƙi. Ya saurara, ya rubuta rahoto, mota marar lamba ta je ta ɗauke mawaƙi. To idan likita ya sa hannu cewa ƙwaƙwalwar ta tafi, shi ke nan, mugun sai gida wajen jikoki. Ranar Juma'a za a sa hannun.

Eliana ce mai jinyarsa, dattijuwa marar yawan magana. Ita ke masa aski, ita ke shafa masa fiya a burodi. In ta samu zama, sai ta ninke tsofaffin takardun magani ta yi 'yan jiragen ruwa ta jera a taga.

Juma'a da la'asar Likita Barros ya shigo da takardar, ya zauna yana laluben biro. Eliana ta kawo shayi, ta kunna wani tsohon kaset. Muryar namiji ta tashi da jita, wai farin jirgi zai tashi da asuba, babu mai gadi a kan ruwa, kada ki yi kuka.

Likita ya tambayi waƙar mece ce. Eliana ta ce ai ta masunta ce kawai, ba komai a ciki. Ta ƙara da cewa ta ji an taɓa hana ta, amma wanda ya hana ɗin lallai daƙiƙi ne, ko karatu bai iya ba.

Tsohon ya ajiye kofin. Ya daure. Wallahi ya daure, har baiti biyu.

"Ke jahila ce, yarinya," ya ce. "Jirgin gudu ne daga ƙasa. Mai gadin kuwa mu ne. Asubar kuwa lokacin da za su tsere. Mutum uku suka saurare ta ba su gano ba, sai ni. Mawaƙin Ramiro Ulloa ne, watan Mayu na saba'in da biyar, shafi huɗu na rubuta a kansa. Daƙiƙi!"

Likita ya dube shi, ya dubi takardar, ya mayar da biro aljihu. Don Evaristo ya juya ga bango da sauri, amma ina.

Eliana ta kashe kaset. Ta ɗauko jirgi ɗaya daga taga, ta ajiye masa a cinya, ta gyara masa bargo.

"Ga jirgin nan, Don Evaristo. Ina shekara biyar zazzaɓi ya hana ni barci, Babana Ramiro ya ninke min irinsa, ya rera min waƙar."