Wayar da Ba Ta Kai Tabarma Ba

Wata la'asar a Gumel, ina ɗan shekara goma, Kawu ya same ni da reza a hannu. Yayana ne ya kawo na'urar wasan talabijin daga Maigatari, amma wayar abin dannawar kamu biyu ce kacal, sai na manna hanci da gilashi. Inna ta ce in ta sake ganina haka, a akwati za ta kulle na'urar kafin in makance. Shi ne zan yanke wayar in yi mata ƙari.

Kawu makiyayi ne. Ya leƙa bayan talabijin, ya ga wayar da ta haɗa shi da na'urar doguwa ce, a naɗe.

"Ajiye rezar nan, sarkin gaggawa," in ji shi. "In igiyar akuya ba ta kai ciyawa ba, turke ake matsarwa."

Ya kifa turmi a tsakar ɗaki, ya ɗora na'urar. Na koma tabarma, wayar har da saura. Inna ta leƙo, ta ce turminta dai ya dawo kafin daka.

Yanzu da furfurata nake ajin yaƙi da jahilci. Randa karatu ya ƙi, ba na rufe littafi. Bencina nake ja kusa da malam.