Hoton Ƙafafun Inna

Duk ranar Juma'a hotunan suke shigowa wayar Murja. Na farko ƙafafu biyu ne a kan tabarma, an ɗauko su daga sama, sun sha lalle. Sauran biyun na tafin ƙafa ne, kowanne an ɗora shi a kan gwiwa. Sai ta ƙara girman hoton ta bi shi a hankali, tsakanin yatsu, gefen farce, dunduniya. Babu rauni, babu kumburi. Sannan hankalinta ya kwanta ta koma aji.

Shekara shida ta yi tana aikin jinya a wani asibiti a Yelwa. A can ta ga yadda ƙaya ɗaya ko ƙugiyar kamun kifi ke raba mai ciwon suga da ƙafarsa. Manoma daga Shanga, masunta daga Ngaski, ba sa zuwa sai ƙafar ta yi baƙi. Da aka ba ta gurbin karatun kula da ƙafa na wata goma sha takwas a Indiya, abu ɗaya ya tsaya mata a rai: mahaifiyarta, mai bandar kifi a Wara, ita ma suga gare ta.

"Tafi, ɗiyata," in ji Inna. "Mutane na jiran ki."

Murja ta kafa sharaɗi: hoton ƙafa duk mako. Inna ba ta da babbar waya, amma maƙwabciyarta Zipora tana da ita. Shekara talatin suna banda tare, katanga ɗaya ta raba su. Ranar tafiya Inna ba ta raka ta tasha ba, ta ce tana da kifi a kan wuta.

A wata na huɗu muryar Inna ta ɗauke a waya har mako uku. Zipora ta ce zazzaɓi ne, yana sauƙi. Hotuna dai ba su fasa zuwa ba, ƙafafu lafiya lau. Da muryar ta dawo ta yi rauni, kuma Inna ta ce ta bar zuwa kasuwa, ta gaji da hayaƙi. Murja ta yi murna. Dama ta daɗe tana roƙon ta ta huta.

Ta koyi yanke farcen da ya shige nama, da kankare mataccen nama daga gyambo, da gwada jijiya da siririn zare. Ranar jarrabawar ƙarshe hotunan Inna ta nuna wa malamanta, shaidar cewa ko a ƙauye mai suga zai iya tsira da ƙafarsa in ana dubawa. Ta sa aka zana mata sawun Inna a takarda aka turo, ta haɗa takalmi mai taushin ciki da hannunta.

Ta iso Wara bayan la'asar. Inna na zaune a bakin gado, ta rame, ta lulluɓe cinyarta da zane har ƙasa. Ba ta miƙe ba. Suka rungume juna suka yi kuka, sannan Murja ta durƙusa ta fito da takalmin.

"Inna, miƙo ƙafa in gwada miki."

Inna ta danne zanen da hannu biyu.

"Garwashi na taka, kwana biyu kafin ki tashi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ban ji zafi ba. Da kin gani, da ba ki tafi ba."

Zipora ta shigo da kofin ruwa ta tsaya a gefen Murja, hawaye na zuba. Idon Murja ya sauka ƙasa kan ƙafafun Zipora, kamar yadda aikin ya saba mata. Lalle. Yatsa na biyu da ya ɗan hau kan babba. Kantar da ta yi ta cewa a shafa wa mai.

Ta ɗaga zanen Inna. Ƙafar dama ta ƙare ne a ƙasan gwiwa, ɗinkin ya daɗe da warkewa, ƙafafun da Murja ta yi wata goma sha takwas tana gadi kuwa na Zipora ne.