Muryar Ƙasa

Rubuta yadda na faɗa, jikana, ko da kuka ya katse ni.

Ina yarinya a unguwarmu ta Nuzla, wata la'asar Baba ya dawo daga unguwar Bagadadiyya, inda yake tuƙa wani Bature, da garmaho da faifai ɗaya. Ya rufe taga saboda maƙwabta, ya ɗora allura. Maza huɗu ne ke waƙa da Turanci.

Na ce, "Baba, wane ne mawaƙin, su wa ke amshi?"

Ya yi dariya. "Babu ɗan amshi a nan, uwata. Tare suke tafiya, kowa da muryarsa. Bar na saman can, ki kasa kunne ga na ƙasa. Shi ke goye da su duka."

Ya shiga bin mai kaurin muryar, dum, dum-dum, kaina a ƙirjinsa ina jin yadda yake rawa. Ita kaɗai na riƙe. Tsakiyar faifan ja ce da rubutu, amma ban iya karatu ba, ban kuma tambayi sunansu ba.

Tun rasuwar kakanka gidan nan ya yi shiru, waƙar nake nema. Kai ne ka ce mini wasu irin mawaƙan nan har yau suna waƙa da furfurarsu. Jiya ka kara mini waya a baki na rera don ta nemo waƙar, ta kasa ganewa. Ka ce, "Halas, ya isa, Kaka, wannan ai gurnani ne. Rera ta saman."

Ban san ta saman ba, jikana. Ta Babana kawai na sani.