Furen Taba a Fadamar Bungudu

Husaina ta tarar da Jibo tsugune cikin tabarsa a bakin gulbi. Saƙon da ta ɗauko ya yi mata nauyi, ko gaisuwa ta kasa.

"Baba ya ce ka daina zuwa gidanmu. Wai manomin kirki yana karya kan taba kafin ta yi fure, don ƙarfinta ya koma ganye. Taka kuwa ta miƙe zalalan, ganye kamar kunnen akuya. Wanda bai iya riƙon taba ba, ina zai iya riƙon mace?"

Jibo ya miƙe yana murmushi. "Kunyar tabar da ke bakin hanya kaɗai Baba ya gani. Dubi can."

Ta duba. Tabar sauran kunyoyin duk an karya mata kai, ganye faffaɗa.

"To wannan fa?"

"Wannan gonar haƙoranki ce. Na gaji da ganin kina roƙon furen rina haƙora wajen ƙawaye."

Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza gefen zanenta. Sannan ta tsinki fure ɗaya, ta goga a haƙora.

"Da wannan bakin zan kai wa Baba amsa. Ka zo bayan la'asar, ka riƙo masa babban ganye."