Zangon da Ke Tsakanin Garuruwa Biyu

Sabi'u, ka ce jiragen sojan wata ƙasa suna sauka a filin jirgin da kake aiki, su sha mai su tashi, manyanku kuma sun ce ba ruwanku da yaƙin da ake yi can. To, gyara zama in ba ka misali.

Akwai wani mai zango a mararraba, tsakanin wani gari na gabas da wani na yamma. Yana da rijiya mai zaƙin ruwa da inuwar tsamiya. Fatake da makiyaya da masu tafiya biki duk nan suke yada zango. Da faɗa ya ɓarke tsakanin garuruwan nan, sai ya shelanta cewa shi ba ya bayan kowa. Ana nan sai mayaƙan gabas suka iso a kan raƙuma, suka roƙi ruwa da wurin hutawa. Ya ce ba a hana baƙo ruwa, amma kada ya ga makami a zangonsa. Suka naɗe takubbansu da masunsu cikin tabarmi, shi kuwa bai taɓa cewa a kwance masa tabarma ya gani ba. Matarsa ta ce, "Maigida, mutanen nan ba fatauci ya fito da su ba." Ya ce shi guga kawai yake ja. Daga nan raƙuman kan tashi a ƙoshe, su faɗa wa ƙauyukan yamma, a ƙone rumbuna, a kore shanu, su biyo ta zangon su sake sha.

Sannu a hankali fatake suka sake hanya, don ba mai son sauke kayansa inda mayaƙa ke hutawa. Ran nan mutanen yamma suka bi sawun raƙuma har bakin rijiyar. Mai zango ya rantse bai taɓa riƙe mashi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Dattijon cikinsu ya ce, "Mun yarda. Amma raƙumin da ya taka geronmu, a ina ya sha ruwa?" Ba su taɓa lafiyarsa ba. Suka cike rijiyar da duwatsu da ƙaya, suka juya. Ya tashi ya tafi gabas neman a taya shi yashe rijiyar, aka ce masa ai shi da bakinsa ya ce ba nasu ba ne. Ya dawo ya tattara iyalinsa, suka bar wurin.

Ban ce abin da ya same shi zai same ku ba, ɗana. Amma Hausawa sun ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.