Sau Uku, Sannan Ɗaya

Har yanzu in ta kulle gida da safe, sai ta ji kamar ana jan kwaɗon a bayanta. Haka marigayi mijinta yake yi: ya ja sau uku, ya kai bakin titi, ya dawo ya ƙara ja sau ɗaya. "Kai mai gadi," takan tsokane shi, "wata rana kwaɗon nan zai kai ƙararka." Sai ya yi dariya ya wuce aikinsa na hasashen yanayi, aikin da bai taɓa kawo hirarsa gida ba.

Wata biyar ke nan da aka kwantar da shi a asibiti, na'ura tana taya shi numfashi. Wata Talata da hantsi masu kutse suka kulle kwamfutocin asibitin, komai ya ɗauke ɗif. Mutum tara suka rasu, har da shi.

Ita kuwa injiniya ce a ofishin tsaro na gwamnati, bin sawun masu kutse shi ne abincinta. Ta nace sai an ba ta binciken. Ogansu ya yi ta hanya-hanya, da ƙyar ya sakar mata. Dama mutumin nan ya ɗaure mata kai ranar gaisuwa, ya sha kuka a kan mijin nata, wanda take zaton bai taɓa gani ba.

"Injiniya, ƙasar maƙwabta ce," in ji shi, yana turo mata rahoto. "Sa hannu kawai, minista na jira."

"Yallaɓai, ni ban ga hannun kowa ba tukuna."

Ta zauna ta warware cutar kwamfutar da aka kulle asibitin da ita, layi-layi. Harshen maƙwabta yana ciki kam, amma daga baya aka manna shi, kamar faci a tsohuwar riga. Ashe ma ba daga can ta taso ba. Can aka aika ta, ta gama ɓarnarta, ta biyo waya ta dawo gida.

Wato namu ne. To wa?

Ta saki cutar a kwamfutar gwaji, ta zuba ido. Cutar ta kulle komai, ta gwada kullen sau uku, ta fice. Injiniya ta dafe ƙirji, tana roƙon Allah abin ya tsaya nan.

Cutar ta dawo, ta ƙara gwadawa sau ɗaya.